Na kafa BBS a tsohuwar laftof, sai na gane ’yan haya ne mu a soshiyal midiya

A zangon karatun da ya gabata, guruf ɗin ajinmu na WhatsApp ya mutu cikin dare ɗaya. Faɗan zaɓen wakilin aji ne ya ci shi. Wanda ya buɗe guruf ɗin tun muna aji ɗaya ya tsaya takara ya sha kaye, ransa ya ɓaci, sai ya sauke sauran admin-admin ɗin, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cirewa. Kafin asuba saura shi kaɗai a ciki. Babu wanda ya iya hana shi, domin tsarin WhatsApp bai ba wani admin damar sauke wanda ya kafa guruf ba.

An buɗe sabo, har guda biyu ma, kowane ɓangare da nasa. To amma abin da muka tara na shekara uku fa? Tambayoyin jarrabawar baya, handawut ɗin da malamai suka turo, da wani bayani da wata ’yar ajinmu ta yi mana da murya a kan dokokin aikin jarida, wanda wallahi shi ya ceci rabin aji daga faɗuwa. Wanda bai canza waya ba yana da wasu. Wanda aka sace wa waya ko ya goge don samun fili ya rasa. Wasu fayilolin ma kana ganinsu a allo, in ka taɓa sai a ce ka roƙi wanda ya turo ya sake turowa.

Ana cikin wannan jimami ne wani malaminmu, a darasin tarihin sababbin kafafen sadarwa, ya ambaci wani abu wai shi BBS. Minti biyar ya yi a kansa ya wuce. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai, har na ɗauko tsohuwar laftof ɗin yayana na kafa guda a ɗakinmu na hostel. Abin da na gani shi ya sa nake wannan rubutu, kuma ra’ayina tun daga farko shi ne: duk matashin da ke kwana yana tashi a soshiyal midiya, musamman mu masu karanta aikin jarida, ya kamata ko sau ɗaya a rayuwarsa ya kafa dandalin kansa ya gudanar da shi, ko da mutum goma ne za su shiga.

Wai mene ne BBS ɗin?

Ka san allon sanarwar da ke bakin ofishin sashenku, inda ake manna sakamako da jadawalin lacca da tallar ɗaki? To shi ne aka mayar cikin kwamfuta. Mutum ɗaya ya ajiye kwamfutarsa a kunne a gida, ya haɗa ta da layin tarho ta wata na’ura mai suna modem. Kai kuma daga gidanku ka sa kwamfutarka ta buga lambarsa, ka shiga, ka karanta saƙonnin da aka bari, ka bar naka, ka sauke fayil, ka kashe. Shi mai kwamfutar ana ce masa sisof, wato mai kula da na’ura. Ni dai maigida nake kiransa.

Na farko irinsa an buɗe shi ne a birnin Chicago na Amurka ranar 16 ga Fabrairu, 1978. Wata muguwar dusar ƙanƙara ce ta kulle birnin a watan Janairun shekarar, sai wasu abokai biyu ’yan ƙungiyar masu sha’awar kwamfuta, Ward Christensen da Randy Suess, suka yi amfani da zaman gidan. Christensen ya rubuta manhajar, Suess ya haɗa ƙarfen, suka sa masa suna CBBS. Layin tarho ɗaya ne, don haka mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda. In wani na ciki, sai ka jira ya fita. Saurin modem ɗin zamanin bai wuce haruffa kusan 30 a sakan ɗaya ba. Da irin wannan sauri, hoton selfi mai nauyin megabayit 3 sai ya ci fiye da kwana guda kafin ya sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɓoye ba. A watan Nuwamba na 1978 suka rubuta yadda suka yi a mujallar Byte, kowa ya karanta ya je ya yi nasa. Kafin tsakiyar shekarun 1990 akwai dubun-dubatar irin waɗannan alluna a duniya, da manhajoji irin su PCBoard da Wildcat! da WWIV. Yawancin masu su ba kamfanoni ba ne, ɗalibai ne da ma’aikata da ’yan fansho, suna biyan kuɗin layi daga aljihunsu. Da intanet ta shiga gidaje sai kasuwar ta watse. Suess ya rasu a 2019, Christensen kuma a 2024.

Sai dai abin bai mutu murus ba. Har yau akwai masu gudanar da BBS, illa yanzu ta intanet ake shiga maimakon buga lambar tarho. Manhajojin da aka fi amfani da su sun haɗa da Synchronet, wadda Rob Swindell ya fara a 1991 kuma yanzu kowa na iya ganin lambobinta ya gyara, da Mystic, wadda ke aiki har a ’yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Duka kyauta ne.

Yadda na kafa nawa

Synchronet na zaɓa, saboda bayan baƙin allon rubutu na gargajiya tana kuma buɗe shafin da za a iya shiga da burauzar waya. Na san ’yan ajinmu, in na ce sai sun sauke wata manhaja kafin su shiga, ba zan ga kowa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: laftof ɗin yayana mai tsagaggen allo, da wata tsohuwar rauta da na aro. Na haɗa laftof da rauta, rautar ta ba ta lamba irin 192.168.0.5. Duk wanda ya hau wayfai ɗin rautar ya rubuta wannan lamba a burauzarsa, ya shigo. Ko kobo na data ba ya ci, domin saƙon bai fita daga ginin ba. Daga wayarka zuwa rauta, daga rauta zuwa laftof, shi ke nan.

Saukewa da girkawa bai ci mini awa ɗaya ba. Saiti ne ya cinye mini kwana uku. Akwai wata manhajar saiti a ciki mai suna SCFG, allo ne shuɗi mai jerin zaɓuɓɓuka, kuma kowane zaɓi tambaya yake yi maka wadda ba ka taɓa tunanin wani yana amsa ta a madadinka ba.

Ga misali. Mutum nawa za su iya shiga a lokaci guda? Sabon shiga zai iya rubutu nan take, ko sai ka tantance shi? Dole ya ba da sunansa na gaskiya, ko laƙabi ya isa? Za ka tambaye shi lambar waya da ranar haihuwa? Minti nawa zai yi a rana? Saƙo nawa zai iya aikawa? Saƙonni nawa kowane zaure zai riƙe kafin a fara goge tsofaffi, kuma bayan kwana nawa?

Sannan akwai matakin daraja. A Synchronet kowane mai shiga yana da lamba daga 0 zuwa 99, kuma daga 90 zuwa sama matakin maigida ne. Kai ke yanke cewa wannan zaure sai mai mataki kaza zai gan shi, wancan kowa na iya karantawa amma ba kowa ke rubutu ba. Akwai fayilolin da kake zuba sunayen da ba ka yarda a yi rajista da su ba, da lambobin na’urorin da ka haramta wa shiga. Na buɗe zauruka huɗu: Sanarwa, Tambayoyin Baya, Kasuwa, da Majalisa don hira. Na buɗe rumbun fayiloli, na zuba duk handawut ɗin da na iya tattarowa daga wayoyin mutane.

A rana ta biyu na ci karo da abin da ya ba ni dariya da haushi lokaci guda. Na rubuta saƙon maraba, na ce barka da zuwa ɗakin hira. A baƙin allon sai “ɗ” ta ƙi fita. Dalili shi ne tsohon tsarin haruffan BBS, wanda ake kira CP437, ya zo ne da kwamfutar IBM ta 1981, gurabe 256 kacal gare shi, kuma babu ɓ, ɗ ko ƙ a ciki. Akwai zanen zuciya da na fuskar murmushi, amma babu harafin da zai raba ƙasa da kasa, ko ɓata da bata. Sai da na koma tsarin UTF-8 kafin Hausa ta zauna daidai. Wanda ya zana wancan tsari bai tsane mu ba, bai dai san da mu ba ne. Kuma na tabbata yau ma akwai saituttuka da yawa a manhajojin da muke amfani da su da aka yanke ba tare da an san da mu ba.

Abin da kujerar maigida ta nuna mini

Abu na farko ya ɗan tsorata ni. Maigidan BBS yana ganin komai. Wa ya shiga, ƙarfe nawa, daga wace na’ura, me ya karanta, me ya sauke. Yana iya leƙa allon mutum yana cikin rubutu. Yana iya buɗe wasiƙun sirri da mutum biyu suka aika wa juna. Ranar da na lura wani abokina yana yawan aika wa wata ’yar ajinmu wasiƙa, hannuna ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye muku ba. Maɓalli ɗaya ne tsakanina da sirrinsa. Ban buɗe ba, amma ba na’ura ce ta hana ni ba, tsoron Allah ne da kunya.

To ka tsaya ka yi tunani. Ni da mutum ashirin da ’yan kai ke nan. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, wannan gaskiya ne, amma ba duk dandali ne haka ba, kuma ko inda aka kulle saƙon, wa ka yi magana da shi da yaushe da daga ina, duk ana iya sani. Mun sha jin wannan a aji. Jin sa daban, ganin sunan abokinka yana gudu a allon bayanai a gabanka daban.

Abu na biyu shi ne hukunci. A mako na biyu wani ya shiga Majalisa da laƙabi ya rubuta cewa wani ɗan ajinmu ya sayi maki. Babu hujja, babu komai. Da a Facebook ne, da na yi sikirinshot na tura wa abokai muna dariya. A nan kuwa a laftof ɗina maganar take zaune, ni ne mai gidan da ake zagin mutum a cikinsa. In na goge, a ce na danne ’yancin magana. In na bari, na zama abokin ƙazafi. Na kwana ina juyi. Da safe na goge saƙon, na rubuta dalili a zauren Sanarwa, na kuma kafa doka cewa zargin mutum da suna sai da hujja. Wanda ya rubuta ya kira ni ɗan kama-karya. Wataƙila da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, tunda babu wanda ya zaɓe ni. Shi ya sa daga baya na ɗaga mutum biyu zuwa matakin da za su iya duba hukuncina, muka yarda ba a korar kowa sai biyu cikin ukunmu sun amince.

Mu da muke haddace ka’idar mai gadin ƙofa don cin jarrabawa, wato editan da ke zaɓar abin da zai fita da wanda ba zai fita ba, ga ta nan a aikace. Babu littafin da ya koya mini nauyinta kamar wannan dare ɗaya.

Abu na uku, jerin saƙonni. A BBS saƙo yana zuwa ne bi da bi, na jiya kafin na yau. In ka karanta sababbi, allon ya ce maka babu saura, ka tashi ka kama gabanka. Ranar farko har na ji wani iri, yatsana yana ta neman abin da zai ja. A nan na gane cewa rashin ƙarewar TikTok da Instagram saiti ne shi ma. Wani ne ya zauna ya zaɓi kada su ƙare, kamar yadda na zauna na zaɓi minti nawa mutum zai yi a rana.

Ba labarin Turawa kaɗai ba ne

Wani zai ce wannan tarihin Amurka ne, ina ruwan ɗan Kano ko ’yar Zinder? Akwai ruwanmu. A 1984 wani mai suna Tom Jennings ya ƙirƙiro FidoNet, hanyar da alluna ke kiran junansu da dare, lokacin da kuɗin tarho ke da sauƙi, su yi musayar saƙonni a dunƙule cikin ’yan mintuna su kashe. Saƙo yana tsalle daga allo zuwa allo har ya ƙetare teku. An raba duniya shiyya shida, Afirka ita ce ta 5. A farkon shekarun 1990, kafin intanet ta iso yawancin ƙasashenmu, ƙungiyoyi da masu bincike a Nairobi da Harare da Addis Ababa da Dakar da wannan fasaha suke aika imel, ta hannun GreenNet da ke Landan. Ta dace da mu ne saboda an gina ta don layi mara kyau da kira mai tsada: ka rubuta ba tare da kana kan layi ba, in hanya ta samu saƙo ya tafi. Duk wanda ya taɓa hawa tudu neman sabis a ƙauyensu ya san wannan matsala ba ta tsufa ba.

Dokar zaman FidoNet ma abin koyi ce. An taƙaita ta a abu biyu: kada ka cika damun mutane, kuma kada ka cika saurin jin an dame ka. Ku duba sashen sharhi na kowane shafin Hausa a Facebook ku faɗa mini wanne daga cikin biyun muke bi.

Sai Taiwan. A 1995 wani ɗalibin Jami’ar Ƙasa ta Taiwan, Tu Yi-chin, ya kafa BBS mai suna PTT. Har yau yana nan, rubutu zalla, ba na kasuwanci ba, kuma yana cikin manyan wuraren muhawarar ƙasar. Da asubahin 31 ga Disamba, 2019, wani babban jami’in hukumar yaƙi da cututtuka ta Taiwan, Lo Yi-chun, a PTT ya ga saƙon da ke maganar wata baƙuwar cutar huhu a Wuhan, kuma a ranar aka fara duba fasinjojin jiragen da ke zuwa daga can. PTT yana da nasa ’yan jita-jita da ’yan taron dangi, ba aljanna ba ne. Amma ɗalibi ne ya fara shi, kamar ni da kai. A gida Nijeriya ma, Nairaland da Seun Osewa ya kafa a 2005 jikan wannan tunani ne: mutum ya gina zaurensa maimakon ya kama haya.

Me ya sa nake cewa haya?

Domin mai gida na iya tashin ka ko ya rushe ginin, ba tare da ya nemi shawararka ba. Google+ ya rufe a 2019. A shekarar ce MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora cikin shekaru goma sha biyu. Yahoo Groups, inda yayyenmu marubuta da masu sha’awar finafinan Hausa suka yi shekaru suna muhawara, an rufe shi a Disambar 2020. Ina hirarrakinmu na 2go? Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, masu sayar da atamfa da turare ta waya suka zauna riƙe da haɓa. Daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022 Twitter a rufe yake a Nijeriya. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro.

Dalilan sun bambanta, kuma ba na nan don in yanke hukunci a kan kowanne. Abin da ya haɗa su shi ne babu ɗaya da aka tambaye mu. Yanzu haka littattafan Hausa nawa ne ake rubutawa shafi-shafi a guruf-guruf na WhatsApp? Muhawarori nawa na malamai da ’yan boko ke kwance a sharhin Facebook? Ɗalibin da zai zo nan da shekara ashirin yana binciken yadda matasan Arewa suka yi tunani a wannan zamani, ina zai je ya duba? Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 ana iya samun tsofaffin kofenta a ɗakunan adana tarihi. Hirar da muka yi bara kuwa ta tafi da fushin mutum ɗaya.

Na san abin da za ku ce

Na farko, wuta. Gaskiya ne. Batirin laftof ɗin bai fi awa ɗaya ba, rautar kuma sai da na nemo wayar da ke haɗa ta da fawabank. Sau biyu allon yana mutuwa ana tsakiyar rubutu. Wannan ya koya mini kwafe manyan fayil-fayil ɗin saiti da na bayanai zuwa filash duk daren Juma’a.

Na biyu, in kana so a shigo daga wajen hostel fa? Nan ma akwai aiki. Layukan data na waya yawanci ba sa ba ka lambar intanet taka ta kanka, mutane da yawa ke raba guda, don haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Sai dai ka kama hayar kwamfuta a wani kamfani kana biya duk wata, galibi da dala. Ka ga hayar ba ta ƙare gaba ɗaya ba ke nan. Bambancin shi ne kayanka a hannunka suke, in wannan ya kore ka sai ka kwashe ka koma wani.

Na uku, tsaro. Tsohuwar hanyar shiga, telnet, wadda ke amfani da ƙofa ta 23, tana aika kalmar sirri tsirara, duk wanda ke kan hanya da kayan aiki zai iya gani. SSH, mai ƙofa ta 22, ita ke kulle ta. Kuma duk wanda ya buɗe ƙofa ta 23 ga duniya zai ga baƙin na’urori suna ta gwada shiga da sunaye irin su root da admin. Da irin wannan gwaji ne ƙwayar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na’urori a 2016. Sannan in ka karɓi lambobin waya da ranakun haihuwar mutane, amana ce ka ɗauka, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama’a. Ni dai na kashe waɗannan tambayoyi, na bar laƙabi da kalmar sirri kawai. Abin da ba ka karɓa ba, ba za a sace a hannunka ba.

Na huɗu, kuma shi ne mafi ƙarfi: ba wanda zai zo. Mutum 23 suka yi rajista a nawa. Bakwai ke dawowa. Uku ke rubutu, har da ni. Jama’a suna inda jama’a suke, kuma baƙin allo ba zai taɓa kayar da bidiyon rawa ba. Na yarda. Ban ce ku goge Facebook ba, ni ma ta can za ku ga wannan rubutu. Amma ana gobe jarrabawa, mutum goma sha ɗaya suka zo ƙofar ɗakinmu suka hau wayfai suka sauke tambayoyin baya ba tare da data ba, ciki har da mutanen ɓangarorin nan biyu da ba sa ga maciji. Wanda ya rushe tsohon guruf ɗin ma ya zo. Na ba shi mataki daidai da na kowa.

Abin da nake roƙo

Ga ’yan uwana ɗalibai: ku gwada. Ba sai BBS ba lallai. Akwai phpBB da Discourse na zauren tattaunawa, akwai Mastodon da Eugen Rochko ya fara a 2016 mai kama da Twitter amma kowa na iya kafa nasa. Na fi son BBS don koyo ne kawai, saboda ƙarami ne, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa, kuma komai nasa a fili yake. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya daga sashen kwamfuta, ku ba shi ƙarshen mako guda. Ku rubuta dokokinku kafin ku buɗe ƙofa, kada ku jira sai rigima ta tashi kamar yadda na yi. Kada mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ku gaya wa masu shiga gaskiyar abin da kuke iya gani.

Ga ƙungiyoyin ɗalibai da na marubuta: ku ci gaba da WhatsApp don sanarwar gaggawa, amma abin da kuke so ya kai baɗi ku ajiye shi inda ku ke da iko. Kuɗin da ake kashewa a kan lemo da fanke a taro ɗaya zai sayi rauta.

Ga malamanmu, cikin girmamawa: muna koyon haɗa jarida da shirin rediyo a aikace, amma dandalin intanet a allo kawai muke jin labarinsa. Ku sa mu kafa guda a matsayin aikin zango, ku ba mu maki a kan yadda muka tsara dokoki da yadda muka warware rigima. Gobe wasunmu ne za su riƙe shafukan gidajen jaridu masu mabiya miliyoyi.

Ga admin-admin kuma, na guruf ɗin aji da na unguwa da na dangi: na zauna a irin kujerarku, na san akwai wahala, na kuma san akwai daɗin iko. Ku ƙara wasu a kai, ku faɗi dalili in kun cire mutum, kuma ku ajiye kwafin abin da jama’a suka tara.

Laftof ɗin tana nan a ƙarƙashin gadona, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe, abokan ɗakina har sun saba. Baɗi in Allah ya kai mu zan gama, kuma na riga na fara koya wa wasu ’yan aji biyu yadda ake saitin, domin in miƙa musu kalmar sirri da filash ɗin kafin in tafi. In kun kafa naku, ku ba ni labari a sashen sharhi, musamman in kun samo dabarar wuta da ta fi tawa.